Tsohuwar Kwamfutar Ƙungiya: A Yar Da Ita, Ko A Yi Mata Aure?

Ƙungiyoyin gama kai na ƙasar Gaya da Ajingi waɗanda suke da kwamfuta, galibi ta hannu ce gare su. Wata kyauta aka ba su, wata kuwa karo-karo aka yi aka sayo a Kano, a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. A cikinta magatakarda yake rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da buhunan takin da kowa ya karɓa bashi, da abin da ya biya da kaka, da kuɗin adashi. Ran da wannan lissafi ya ɓace, gardama za ta tashi tsakanin mutanen da gonakinsu suke iyaka da juna. Saboda haka maganar nan ta shafi kowa, har wanda bai taɓa sa yatsa a kan kwamfuta ba.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da ita, watau ita ce take haɗa allo da maɓallai da firinta su yi aiki tare. Wadda aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Manhaja kamar rumbu take, kullum ɓera yana neman kafa. Duk wata kamfanin yakan aiko da faci ta intanet don toshe kafofin da aka gano. Amma facin yana da wa'adi. Na Windows XP ya ƙare ran 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025. Kamfanin ya buɗe hanyar ƙarin shekara ɗaya ga Windows 10, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista, amma jinkiri ne kawai.

Kwamfutar ba ta mutuwa don wa'adi ya cika. Za ta kama, ta yi rubutu yadda ta saba. Sai dai kafar da aka gano daga baya tana nan a buɗe. A watan Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Alhali kuwa facin wannan kafa ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su sa shi ba ne abin ya ci. Wani zai ce tamu ba ta shiga intanet. To, amma filas ɗin magatakarda yana zuwa shagon buga takardu, ya dawo da abin da ya kwaso a can.

Me ya hana a sa sabuwar, watau Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021? Kamfanin ya gindaya sharuɗɗa. Yana son RAM na gigabait 4, da ma'ajiya ta gigabait 64. Ma'ajiya ita ce rumbu, inda ake ajiye takardu. RAM kuwa masussuka ce, inda ake baza aikin da ake yi yanzu, in ta yi ƙanƙanta aiki sai ya yi nawa. Waɗannan biyu da sauƙi. Masu wuyar su ne wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda in na Intel ne dole ya kasance zubi na 8 ko sama da haka.

Kuna iya gane zubin da kanku. Ku nemi sunan furosesa a bayanan kwamfutar, ku dubi lambar da ta biyo bayan ɗan karan nan. In kun ga i5-3320M, zubi na 3 ke nan. In kun ga i5-8250U, na 8 ne. Irin su HP EliteBook 8470p, da Dell Latitude E6430, da Lenovo ThinkPad T430, waɗanda suka cika shagunan kayan hannu, duka na 2012 ne, zubi na 3. Ƙarfe ne masu ƙwari, sun fi waɗansu sababbi masu araha jure wahala, amma Windows 11 ba ta yarda da su ba.

Manomi ya san mangwaro mai aure. Gindin tsoho ne, mai jure fari, reshen kuwa na iri mai kyau. Haka za a iya yi wa kwamfuta, kuma reshe iri biyu ne.

Na farko shi ne a tura mata Windows 11 da ƙarfi. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus, wadda ake zuba Windows a filas da ita. Tana da wurin da ake yin alama a cire sharaɗin TPM da sauransu. Masu gyara da yawa haka suke yi, su miƙo maka kwamfuta tana walƙiya, ba su faɗa maka sauran zancen ba. Sauran zancen kuwa ga shi. Microsoft ya faɗa a fili cewa kwamfutar da aka yi wa haka ba ta da alkawarin samun faci. Yawanci facin wata-wata yana zuwa, amma babu tabbas. Sa'an nan kowace shekara akan fito da sabon bugu na Windows 11, kowane bugu wata 24 ake kula da shi, kuma sabon ba ya sauka da kansa a kan kwamfutar da aka tura wa. Watau bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sake hawa mota ta Wudil zuwa Kano, a sake biyan mai gyara. Tun daga bugun 2024 kuma, tsofaffi ƙwarai irin masu Core 2 Duo ko tashi ba sa yi da ita, ko da wace dabara.

A ganinmu wannan hanya ta dace ne kawai inda ƙungiya take da wani aiki da ba ya yiwuwa sai da Windows, misali wata manhaja da masu ba da rance suka ce lalle da ita za a aika musu lissafi, kuma kwamfutar tana da RAM na gigabait 8. Ko a nan ma, ku ce wa mai gyara ya sauko da ita daga shafin Microsoft. Kada ku yarda da irin wadda wani ya yi wa kwaskwarima ya ce ta fi sauri, domin ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki.

Reshe na biyu shi ne Linux. Wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya bar ta kyauta, mutane a ko'ina suna ta gyara ta tare. Aikin gayya ne sosai. Wayar Android da take aljihunku ma a kan gindin Linux aka gina ta. Iri-iri ce, amma wadda ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows ita ce Linux Mint. Bugu na 22, wanda ya fito a 2024, an yi alkawarin facinsa har 2029. Tana aiki da RAM na gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗi, kuma ba ta neman TPM. Ba a biyan ko kwabo, ba kuwa sata ba ce.

Tana zuwa da LibreOffice, wadda take buɗe takardun Word da na Excel. Lissafin taki da na adashi zai buɗe, jimla ta fito daidai, ko da yake wani lokaci tsarin wasiƙa yakan ɗan goce sai an daidaita. Akwai kuma tsarin maɓallan Hausa, a rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata, a daina mai da Ɗanladi Danladi. Aibinta shi ne manhajojin da aka yi don Windows, irin su CorelDraw, ba sa hawa kai tsaye, kuma masu gyaran da suka san ta ba su kai na Windows yawa ba. Magatakarda zai yi mako ɗaya ko biyu yana lalube. Duk da haka, ga ƙungiyar da aikinta lissafi ne da wasiƙa, wannan muka fi so.

Abin da ya ƙara mata daraja shi ne ana iya gwada ta tun ba a taɓa kome ba. A zuba ta a filas, nauyinta wajen gigabait 3, a soka, a kunna kwamfuta ana danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce ko Lenovo, a zaɓi filas ɗin. Za ta tashi daga kansa, tsohuwar Windows tana nan a ciki ba abin da ya same ta. A nan sai a buɗe lissafin ƙungiya, a haɗa firinta a buga shafi ɗaya, a jona waya a ga ko intanet yana shiga. In wani abu ya ƙi, a zare filas, shi ke nan. Manomi ba ya shuka sabon iri a gona duka sai ya gwada shi a kunya biyu tukuna.

Ko wace hanya kuka bi, sa sabuwar manhaja yakan share ma'ajiya ƙaf. Don haka kafin kwamfuta ta bar hannun magatakarda, a kwafe takardun duka a filas biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Kwafewa kaɗai ba ta isa ba, sai an kai filas ɗin wata kwamfuta an buɗe an gani da ido. Lissafin bashi kuwa a buga shi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu. Kada a dogara ga "na ajiye maka" na mai gyara. Dabara mafi kyau ma, in akwai ɗan kuɗi, ita ce a sayi sabuwar ma'ajiya irin ta SSD a zuba manhajar a kanta, a cire tsohuwar a nannaɗe a ajiye a akwati. Kwamfutar za ta ƙara sauri ƙwarai, tsofaffin takardu kuma suna nan ko da wani abu ya faru.

Tun da an buɗe ta, a busa ƙurar hunturu da ta toshe fanka. In kuma kwanan wata yana komawa baya duk sa'ad da aka kashe ta, ɗan batirin agogon ciki ne ya mutu, a sake shi, domin shafukan intanet da yawa ba sa buɗewa in kwanan wata ba daidai yake ba. A tabbata akwai wuta, ko sola ko janareta, gama in ta ɗauke a tsakiyar aiki sai a koma farko.

Lokacin yin wannan aiki shi ne rani, wajen Fabrairu ko Maris, bayan an gama karɓar bashin gero da gyaɗa da wake, tun ba a soma rubuta masu neman taki ba. A kawo maganar gaban taro, a rubuta a littafin taro hanyar da aka zaɓa, da kuɗin da aka kashe, da shekarar da facin sabuwar manhajar zai ƙare. Kalmar sirri kuma mutum biyu su san ta, a rubuta ta a rufe a ambulan a ba ma'aji.