Yadda jiragen sojan Amurka suka zama masu ciniki a filin Shanon

Jamhuriyar Ailan ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, kuma ba ta cikin ƙungiyar tsaro ta NATO. Duk da haka, daga shekarar 2002 sojojin Amurka fiye da miliyan 2 ne suka yada zango a filin jirgin saman Shanon da ke yammacin ƙasar, a kan hanyarsu ta zuwa Iraƙi da Afganistan da sauran wurare. A 2005 kaɗai adadinsu ya haura 300,000.

Tushen al'amarin shi ne inda filin yake. Shanon na bakin Tekun Atlantika, saboda haka a da kusan duk jirgin da zai tsallaka zuwa Amurka sai ya sauka ya sha mai, kamar yadda jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka suka riƙa yi a Kano. A nan aka buɗe kantin farko a duniya na kayan da ba a biya wa harajin kwastan, a 1947. Da aka ƙera jirage masu cin dogon zango, ciniki ya ja baya, sai hukumar filin ta shiga neman kowane mai saye. Daga 1980 kamfanin Aeroflot na Tarayyar Sobiyet ya riƙa ajiye mansa a can domin jiragensa masu zuwa Kuba.

A dokance kuwa, yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ce jirgin soja ba ya sauka a wata ƙasa sai da izininta. Ailan na ba da izinin bisa sharaɗin kada jirgin ya ɗauko makamai, kada ya yi leƙen asiri, kada kuma ya kasance cikin wani aikin yaƙi. To amma akasarin sojojin ba a jirgin soja suke zuwa ba. Ma'aikatar tsaron Amurka shatar jiragen kamfanoni take yi, irin su Omni Air International, waɗanda a takarda jiragen farar hula ne. Ministan Sufuri ne ke sa hannu a bar su su wuce da bindigogin fasinjojinsu. Ta wannan ƙofa cinikin yake shigowa: kuɗin sauka, man jirgi, abinci, masauki, da abin da sojoji ke kashewa a kantin.

Sai dai ba riba zalla ba ce. An yafe wa jiragen sojan kuɗin ja-gorar da ake yi musu a sararin samaniya, baitulmalin Ailan ke biya a madadinsu, ban da ɗawainiyar 'yan sanda da sojojin da ke gadi tun bayan da masu zanga-zanga suka lalata wani jirgin sojan ruwan Amurka a 2003. Filin ne ke karɓa, mai biyan haraji ke biya, abin da masu yabon tsarin ba su cika ambata ba.

A wannan shekara ta 2003 Suwizalan da Ostiriya, su ma 'yan-ba-ruwanmu, suka hana jiragen sojan Amurka masu zuwa yaƙin Iraƙi ratsa samaniyarsu. Majalisar Ailan ta zaɓi akasin haka a watan Maris, inda gwamnati ta kafa hujja da tsohuwar dangantaka da Amurka, wadda kamfanoninta ke da jari mai yawa a ƙasar. Wani tsohon hafsan soja, Edward Horgan, ya kai ƙara Babbar Kotu. Alƙali ya yarda cewa a dokar ƙasa da ƙasa ba a barin rundunar masu yaƙi ta ratsa ƙasar 'yan-ba-ruwanmu, amma ya ce yanke wannan shawara hurumin gwamnati da majalisa ne, ba na kotu ba.