Yadda A Ke Mulkin Ƙauyukan Farisa

Ƙasar Farisa tana arewa maso gabas da Makka. A shekarar 1935 sarkinta ya nemi sauran ƙasashe su riƙa kiranta Iran, sunan da mutanenta su ke kiranta da shi tun da daɗewa. Babban birninta shi ne Tehran. Ƙasa ce mai duwatsu da hamada, ruwan sama kuwa kaɗan ne. Saboda haka yawancin ƙauyuka suna gindin duwatsu, inda ruwa ya ke gangarowa.

An raba ƙasar lardi 31. Kowane lardi an raba shi yanki yanki, kowane yanki kuma an raba shi kashi kashi. A ƙarƙashin waɗannan sai gundumar ƙauyuka, wadda su ke kira dehestan. Da harshensu "deh" shi ne ƙauye. Dehestan kuwa ƙauyuka ne masu maƙwabtaka da juna, aka tara su ƙarƙashin shugaba ɗaya. Sunan sarautarsa dehdar. Ya yi kama da hakimi a wurinmu, amma shi ba gadon sarauta ya ke yi ba. Ma'aikacin gwamnati ne, naɗa shi a ke yi.

Bari mu ɗauki gunduma guda mu duba. Sunanta Barzrud, tana yankin Natanz, cikin lardin Isfahan. A cikinta akwai wani tsohon ƙauye, Abyane, a gindin dutsen Karkas. Da jar ƙasa aka gina gidajensa, bisa gangaren dutse, wani sama da wani kamar matakala. Baƙi su kan zo daga nesa don kallonsa.

A ƙidayar shekarar 2006 an sami mutum 305 a Abyane, cikin gida 160. To, ku yi lissafi. Da kowane gida yana da mutum biyu, da sun kai 320. Ke nan ko mutum biyu biyu ba su cika ba. Ina sauran? Samari da 'yammata sun tafi birni neman ilmi da aiki, sun bar tsofaffi da gonaki. Da yawa sai lokacin biki ko hutu su ke dawowa.

Ba Abyane kaɗai abin ya shafa ba. An yi ƙidayar farko ta ƙasa duka a 1956. A lokacin mutanen Iran wajen miliyan 19 ne, kuma cikin kowane mutum goma, wajen bakwai a ƙauye su ke. Da aka yi ƙidayar 2016, jama'a sun kusa miliyan 80, amma cikin kowane mutum huɗu, wajen uku suna birni. Jama'a ta ninka sau huɗu, ƙauye kuwa ya koma baya.

Wa ke riƙe da ƙauyen kansa? A zamanin da akwai kadkhoda, watau kamar dagaci. Masu manyan filaye ne ke da gonaki, manomi ya yi noma a raba amfani da shi. Sau da yawa kadkhoda shi ne idon mai fili a ƙauye. Daga 1962 gwamnati ta fara raba filayen ga manoma, ƙarfin kadkhoda ya yi ta raguwa.

A 1999 aka yi zaɓen majalisun ƙauyuka na farko a ƙasa duka. Maza da mata suna jefa ƙuri'a, kuma bayan shekara huɗu a ke sake zaɓe. Majalisa ita ce ke zaɓen wakilin da zai bi ayyukan ƙauye, sunansa dehyar. Shi ke kula da gyaran hanya, da tsabtar gari, da kai kukan jama'a wurin na sama.

A nan ne amfanin ƙidaya ya ke fitowa. Ƙauyen da mutanensa ba su wuce 1,500 ba, 'yan majalisa uku ya ke samu. Wanda ya wuce haka, biyar. Haka kuma in za a gina makaranta ko ɗakin shan magani, littafin ƙidaya a ke fara dubawa. Magidancin da ya ɓoye iyalinsa ranar ƙidaya, ƙauyensa ya rage wa rabo. Wanda aka rubuta a birni kuwa, birni ya ƙara wa nauyi, ko da zuciyarsa tana gida.

Tambayoyi

1. Mene ne dehestan?
2. Mutum nawa aka samu a Abyane a 2006, cikin gida nawa?
3. Wa ke zaɓen dehyar?
4. Ƙauye mai mutum 2,000, 'yan majalisa nawa zai samu?
5. Gida nawa ne a ƙauyenku? Ku ƙidaya, ku rubuta, ku kawo wa malami.