Jagoran Baƙi: Sana'ar da Ke Jiran Hanya ta Buɗe

A makon Sallah, duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ta Katsina ko Ƙofar Kudu ta Kano zai lura da wani mutum da bai hau doki ba, bai riƙe algaita ba, amma ya fi mahaya da yawa gumi. Yana gaba, mutum shida ko takwas suna biye da shi: Bature mai kyamara, ma'aikaciyar banki daga Legas, ɗaliban jami'a da littafin rubutu a hannu. Shi ya san inuwar da za a tsaya a ga tawagar hakimai ba tare da an tare wa dawakin jahi hanya ba. Shi ke raɗa wa baƙuwa ta yafa mayafi, ya ce wa wancan ya cire takalmi, ya hana na ukun ɗaukar hoton dattijon da bai ba da izini ba. Wannan shi ne jagoran baƙi. Sana'a ce mai ƙa'idojinta, ko da yake mutane da dama na ɗaukarta rakiya ce kawai, wadda duk mai ɗan Turanci zai iya.

Sana'ar ta girmi mota da jirgin ƙasa. A zamanin da fatake ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, tafiya ta watanni, kowane ayari yana da madugu mai riƙe da ragamarsa, da uban dawaki mai taimaka masa, da malamin ayari, sai jagaba wanda ke gaba. Jagaba ya san rafin da ke ƙafewa da rani da wanda ba ya ƙafewa, garin da ake karɓar baƙo da wanda ake ratse shi, da inda za a yada zango kafin rana ta faɗi. In an isa gari kuma fatoma ya karɓa, ya ba da masauki da abinci, ya haɗa baƙo da mai saye. Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 ma da idon irin waɗannan mutane suka ga ƙasar. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, kuma cikin masu yi masa hidima daga baya akwai Dorugu, yaro daga wajen Damagaram, wanda ya bi shi har Ingila a 1855, aka kuma rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa. Sunan Dorugu ya tsira. Sunayen da yawa daga waɗanda suka nuna rijiya da mashigi sun tafi da masu su.

Dalilin tafiyar ne ya sauya. Fatake riba suke nema, baƙon yau kuwa gani da ji da ɗanɗano ya zo yi. A Italiya da Girka da Turkiyya abin ya zama babbar hanyar samun kuɗi: a haɗa mutum goma ko goma sha biyu, a ba su jagora ɗaya, su yi mako suna zagaya kufai irin su Fomfei da Afisa, suna cin girkin ƙauye, suna shiga gonakin inabi ana ɗanɗana musu giyar kowane yanki. Giya ba ta cikin tsarinmu, kuma jagoran da ya san darajarsa a ƙasar Katsina ba zai sa ta a cikin shirinsa ba. Amma abinci da abin sha da tsohon wuri, duk muna da su. Ƙaramar tawaga ma ita ta dace da mu. Mutum takwas za su zauna a zaure ɗaya, su ci a tire biyu, su shiga mota ɗaya, mai gida ya san fuskar kowannensu. Mutum hamsin sai dai su tsaya a ƙofar gida su zama abin kallon yaran unguwa.

A wajen abinci ake gane gwani. Wanda bai ƙware ba yakan kwashi baƙinsa zuwa otal a ba su shinkafa da kaza irin wadda suka baro a garinsu, don tsoron kada cikinsu ya ɓaci. Gwani ya san gidan da ake tuƙa tuwon dawa da miyar kukar da ta ji daddawa da man shanu. Tun jiya ya je ya gaida uwargida, ya ba da kuɗin cefane, ya ce mata, "Inna, a rage yaji, a ajiye shi gefe, mai so ya zuba." Ya san ba a kai baƙo wajen mai waina da azahar, da hantsi ake zuwa tanda na da zafi. Ya san mahaucin da ke yanka da safe da wanda ke ɗumama tsiren jiya. Kuma ba ya bari a ci a tashi haka nan. Zai ɗauko ƙwayar kalwa ya nuna, ya ce daga ɗorawar can ta fito: a raba garin da ƙwayar, a dafa ƙwayar kusan yini guda, a surfa ta a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku, sannan a kirɓa a shanya. Baƙon da ya ji wannan, warin daddawa ya daina sa shi yamutsa fuska, don ya gane kwanaki nawa na aikin mace ke cikin cokali ɗaya na miyar da ke gabansa. Haka zai yi da kwaɗon zogale, da dambu, da ƙuli-ƙulin da aka matse wa mai, da kilishin da aka shanya kafin a tsoma a labu a gasa.

Abin sha kuwa fura ce kan gaba. A surfa gero, a daka da citta da kanumfari da masoro, a cura, a dafa, a kirɓa a turmi, a mulmula cikin gari, sannan a dama da nono a ƙwarya. Jagora ya san bambancin kindirmo da tsala, ya san kunun tsamiya da na kanwa, da kunun zaƙi da na aya, da zoɓo. Akwai kuma tambayar da ba ya mantawa, wadda baƙo ba zai ji sanda ya yi ta ba: da wane ruwa aka dama? Lafiyar cikin mutum takwas tana wuyansa. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, kuma a wannan sana'a maganar tana farawa ne daga tsabtar ludayi.

Sai tsohon wuri, inda ake gwada gaskiyar jagora. Jihar Katsina ba ta rasa abin nunawa ba. Ga Hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ga rijiyar Kusugu a Daura da labarin Bayajidda da Daurama. Ga kushewun Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, waɗanda Bature H. R. Palmer ya fara haƙawa a 1907 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, masu bincike daga Jamus suka sake haƙawa a 1992, aka samu zinariya da hauren giwa da tagulla da wuri. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Jarabar da ke gaban jagora a nan ita ce ƙarin gishiri, domin baƙo yakan fi sakin hannu in labari ya yi daɗi. Wanda nake girmamawa shi ne mai raba zance uku: wannan kaka da kakanni suka faɗa, wannan an haƙo an gani, wannan kuma malamai sun saɓa a kai. Baƙo mai hankali ya fi amincewa da irin wannan, kuma shi ne ke turo wani.

Akasari ba a aji ake koyon aikin ba. Akwai cibiyar tarayya ta koyar da harkar baƙi da yawon buɗe ido, NIHOTOUR, mai reshe a Bagauda, amma yawancin masu yi daga bin na gaba suka koya: ɗan mai gadin wuri, ma'aikacin gidan tarihi, direban da ya daɗe yana ɗaukar baƙi, malamin tarihi mai neman na cefane a lokacin hutu. Jarinsu harshe ne da haƙuri da waya da sanin mutane. Wani yana yanke kuɗin yini tun kafin a tashi, wani ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa, sannan akwai la'adar da marina na Ƙofar Mata ko dukawan Kurmi kan ba wanda ya kawo musu mai saye. La'ada ba laifi ba ce, sai in ta sa jagora ya kai baƙonsa inda za a tsuga masa kuɗi yana kallo. Aikin kuma na lokaci ne, Sallah biyu da hunturu, shi ya sa kusan kowa ke da wata sana'ar a gefe. Shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da UNESCO ta yi a Disambar 2024 ya ƙara wa masu yi a birni ƙwarin gwiwa.

To, mu juya kudancin Katsina, ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda garin Ruwan Godiya yake. Masu tarihi na kiran wannan ɓangare Katsina Laka, kuma Yusufu Bala Usman ya ba garuruwansa muhimmanci a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Wanda ya san ƙasar zai iya tsara tafiyar kwana uku da ba za a gaji da ita ba. A tashi daga Funtuwa, garin da layin dogo mai zuwa Kauran Namoda ya ɗaga, a leƙa Maska ta masaƙa da marina, a wuce Daudawa inda aka kafa gonar irin auduga tun zamanin Turawa, a ci kasuwar shanu ta Sheme, a sha nonon da bai kwana a hanya ba. In an tsallaka iyakar Zamfara ga 'Yandoto kusa da Tsafe, tsohon garin malamai da jihadi ya ci a farkon shekarunsa, ga dutsen Kwatarkwashi a gaba. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya, inda awara da tuwon masara ba sa yankewa, ga duwatsu da tsofaffin ganuwoyi da dattawa ke iya nuna maka da sanda.

Wannan tafiya ba ta yiwuwa a yau, kuma kowa ya san dalili. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomin nan. Ɓarnar da ta fi taɓa wannan sana'a ita ce wadda aka yi wa yarda. Ilimin da ke sa mutum ya zama jagora, wato sanin hanya da gidaje da wane ne wane, shi ne ilimin da infoma ke sayar wa 'yan bindiga. Yanzu baƙon fuska ya tambayi gidan mai gari, sai a dube shi sau biyu. Mutanen da a da ke rige-rigen kawo wa baƙo ruwa sun koyi yin shiru, kuma babu mai ganin laifinsu.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. Agadas ta yi shekaru tana cin abinci da Turawan da ke zuwa ganin hamada da duwatsun Azbin, sai tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a 2010 suka kore su. Ko shigar da tsohon birnin cikin jerin UNESCO a 2013 bai dawo da su yadda suke ba, kuma wasu jagororin suka koma jigilar masu tsallakawa Libiya. Argungu kuwa ta yi kusan shekara goma ba bikin kamun kifi, aka dawo da shi a 2020, don masunta da makaɗa da masu shirya shi suna nan da ransu da iliminsu.

Ba zan ce wa kowa ya kwashi baƙi zuwa Ruwan Godiya a wannan hali ba. Jagoran da ya san amana, aikinsa na farko shi ne ya iya cewa ba yanzu ba, ko da an ajiye masa kuɗi a gaba. Abin da ke damuna shi ne dattawan da suka san sunan kowane dutse da kufai da tsohuwar rijiya suna ƙarewa, wasunsu ma a gudun hijira a Funtuwa da Katsina, nesa da wuraren da za su nuna. Tsofaffin matan da suka iya daddawa da hoce da alkaki su ma haka. In hanya ta buɗe bayan sun tafi, za a samu mota da direba, a rasa mai bayani.

Aikin adana iliminsu ba ya jiran tsaro. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan tarihi na jami'o'in Katsina da Dutsinma su tura ɗalibai 'yan asalin yankin su zauna da waɗannan dattawa a inda suke. Malaman sakandare su fara da abin da ke kusa, su kai ɗalibai takwas ko goma Gobarau da gidan tarihi, domin baƙin farko na jagoran ƙasar nan 'ya'yanmu ne. Kai kuma matashin Ruwan Godiya ko Sabuwa ko Ƙanƙara da ke riƙe da waya, je ka durƙusa gaban kakanka ka ce, "Baba, ina aka fara zama kafin a dawo nan?" Ka naɗi amsar, ka rubuta sunayen wuraren yadda ya faɗe su, sannan ka shiga cikin gida ka tambayi kakarka yadda take haɗa miyarta.