Lissafin Wutar Lantarki

Jama'a, mun koyi tarawa da ɗebewa, mun koyi sau da rabawa. Yau za mu ga amfaninsu a kan wutar lantarki. Daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, wani yana da wutar gwamnati, wani janareta, wani kuwa batir da faifan sola. Amma kaɗan ne suka san lissafinta. Rashin sanin nan shi ke ƙona kaya, wani lokaci har ya jawo gobara, musamman da hunturu sa'ad da kowa ke son ruwan zafi.

Ba a ganin wutar lantarki da ido, saboda haka bari mu kwatanta ta da ruwa. Kun san madatsar ruwan Tiga, wadda aka gama a 1974. Ruwan da ya taru a bayanta yana da ƙarfin turawa. In an buɗe ƙofa sai ya bi hanya zuwa gonaki. In hanyar tana da faɗi, ruwa mai yawa ya wuce. In ta matse, kaɗan ke wucewa.

To, haka wuta take cikin waya. Abu huɗu za mu riƙe.

Na ɗaya, ƙarfin turawa. Ana auna shi da bolt, alamarsa V. Batirin mota bolt 12 ne. Wutar gida a Nijeriya wajen bolt 230 ce.

Na biyu, yawan wutar da ke gudana. Ana auna shi da amfiya, alamarsa A.

Na uku, turjiya, watau yadda abu ke tare wa wuta hanya. Ana auna ta da om. Sunan wani malami ne Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya bayyana wannan ƙa'ida a 1827.

Na huɗu, ƙarfin aiki, watau yawan wutar da abu ke ci. Ana auna shi da wat, alamarsa W.

Ku duba gindin dutsen guga ko jikin kwan fitila, za ku ga waɗansu daga cikin haruffan nan a rubuce. Wanda ya iya karatu ba ya bukatar a gaya masa.

Ƙa'ida biyu ce kurum:

Bolt a raba shi da amfiya, sai a sami om.
Bolt sau amfiya, sai a sami wat.

Ga misali. Mai shayi ya haɗa kwan fitila irin na mota da batir mai bolt 12. Kwan yana jan amfiya 2. A raba 12 gida 2, an sami 6. Turjiyar kwan om 6 ke nan. Sa'an nan 12 sau 2, 24. Kwan yana cin wat 24.

Ga wani misali. Hitar dafa ruwa tana jan amfiya 10 daga wutar gida. A raba 230 gida 10, an sami om 23. Kuma 230 sau 10, wat 2,300. Kun gani, hita ɗaya ta kusa cin abin da kwai ɗari irin na mai shayi za su ci. Wanda ya ɗora ta a kan ƙaramin janareta mai wat 650 ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Yanzu ku lura da kyau. Filogi mai baki uku yakan zo da fis mai amfiya 13 a cikinsa. 230 sau 13, wat 2,990. Iyakar abin da zai ɗauka ke nan. In an haɗa hita mai amfiya 10 da dutsen guga mai amfiya 5 a kan filogi ɗaya, 10 da 5 sun zama 15. Sun wuce 13, an ɗora wa filogi fiye da ƙarfinsa. In wutar ta yi yawa ƙwarai, sai fis ya tsinke. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya yi, ya ceci gida. Kada a cire shi a cusa guntun waya a madadinsa. In an yi haka, wayar ɗaki ce za ta yi zafi har robarta ta narke.

Siririyar waya ta fi mai kauri turjiya, don haka ta fi saurin yin zafi. Kada araha ta ruɗe mu. Haka kuma jiƙaƙƙen jiki turjiyarsa kaɗan ce, wuta takan ratsa shi da sauƙi. Kada a taɓa ruwa hita tana ciki a kunne. Gyaran waya kuwa a bar wa wanda ya koya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faifan sola yana ba da bolt 18 da amfiya 5. Wat nawa ke nan?
2. Dutsen guga yana jan amfiya 5 daga wuta mai bolt 230. Om nawa ce turjiyarsa?
3. Don me ba a cusa waya a madadin fis?

Kowa ya rubuta amsa a littafinsa, ya kawo aji gobe in Allah ya kai mu.