Albashi, Takarda da Fansho: Yadda Ake Gane Kamfanin Kirki a Kaduna

Kaduna gari ne da aikin albashi ya gina, domin tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a shekarar 1917, akasarin waɗanda suka cika garin sun zo ne neman aiki a ofisoshin gwamnati da tashar jirgin ƙasa da barikokin soja, daga baya kuma a masaƙun Kakuri da ke ƙetaren kogi, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Arewacin kogin shi ne ɓangaren ofisoshi da bankuna da manyan kantuna, musamman a kan titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon, kuma a yau makarantu da asibitoci masu zaman kansu da gidajen mai sun bazu daga Unguwar Rimi da Malali har Kawo. Don haka tambayar wane ne ubangidan kirki a wurin aiki ta shafi tukunyar dubban gidaje a wannan gari.

Tarihin jaridar New Nigerian, wadda ofishinta ke kan titin Ahmadu Bello, ya nuna fuska biyu ta wannan al'amari. Jaridar ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, kuma a zamanin editoci irin su Adamu Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu ta zama tamkar makarantar da ake horar da 'yan jarida, har samun aiki a cikinta ya zama abin alfahari a duk faɗin Arewa. Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975, daga baya aka mayar da ita hannun jihohin Arewa 19, amma da al'amura suka taɓarɓare sai albashi ya riƙa maƙalewa har jaridar ta daina fitowa, tsofaffin ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasunsu ma sun rasu ba su karɓa ba. Ma'aikatan masaƙun Kakuri sun ɗanɗani irin wannan ɗaci bayan rufe masana'antun. Shahara da tsayin gini ba su kare kowa daga cikinsu ba.

Ma'auni na farko, ke nan, shi ne biyan albashi cikakke a ranar da aka yi alkawari. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta tsayar da naira 70,000 a wata, amma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wanda ke nufin yawancin ƙananan makarantu da kantuna suna wajen inuwarta, kuma a nan ne halin mai wuri ke fitowa fili. Malamar makarantar kuɗi a Unguwar Dosa ko Badarawa da aka gaya mata babu albashi a watan dogon hutu, domin ɗalibai ba su biya kuɗin zango ba, za ta ci bashin shinkafa da man girki wurin mai shagon unguwa, ta ari kuɗin Keke Napep a hannun maƙwabciya, ta yadda albashin wata mai zuwa ya ƙare tun bai shigo hannu ba. Mai makarantar da ya raba kuɗin shiga na zanguna uku a kan watanni 12 ya kawar da wannan wahala ba tare da ya ƙara ko kwabo a kan abin da yake kashewa ba, illa dai ya jure riƙe amanar kuɗin.

Bayan albashi sai takarda. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar sanarwa kafin cikar wata uku da fara aiki, wadda za ta bayyana irin aikin da albashi da lokutan aiki da hutu da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Dokar ta kuma tanadi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 bayan wata 12, da hutun haihuwa na mako 12 tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a wurin. Waɗannan iyakoki ne na ƙasa, kuma gwamnatin jihar Kaduna ta wuce su a 2019 lokacin da ta mai da hutun haihuwa na ma'aikatanta wata shida. Abin takaici, kamfanoni da yawa, har da manya, sun koma ɗaukar ma'aikatan kwantiragi ta hannun wani kamfanin daban, ta yadda mutum zai yi shekaru yana aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikacin dindindin ba tare da ƙarin girma ko alawus irin nasa ba, in an sallame shi kuma ba shi da hujja mai ƙarfi da zai kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna.

Batun fansho ya fi kowanne buƙatar sa ido, domin cutar da ake yi a cikinsa ba ta bayyana sai ƙarfi ya ƙare. Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, a wani asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin wanda yake binsa duk inda ya koma aiki, kuma dole kuɗin su shiga cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai, wato tanadin da za a biya iyalin ma'aikaci idan ya rasu yana bakin aiki, wanda bai gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ma'aikacin da ke ganin an cire kashi 8 a takardar albashinsa kowane wata, amma saƙon kamfanin fansho bai taɓa shigowa wayarsa ba, ya kamata ya je ya nemi bayanin asusunsa tun da wuri, domin cirewa ba tare da zubawa ba cin amana ne tsagwaronsa. Haka nan dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kamfanoni su biya kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni ko ya naƙasa a bakin aiki.

Akwai kuma abin da doka ba ta iya tilastawa, wanda al'adar Bahaushe ta daɗe da saninsa a dangantakar maigida da yaronsa, inda ake auna maigida da yawan yaran da ya koya wa sana'a ya kuma yaye su da jari. Kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ta rayu a kan wannan tsari na maƙera da masu walda da kafintoci, kuma a 'yan shekarun nan kwalejin da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, sun shiga aikin ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Kamfanin zamani da ke tura ma'aikatansa kwas, yake ƙarin girma bisa cancanta ba tare da duba ƙabila ko addini ba a garin da ya san illar rarrabuwa, yake kuma barin ƙungiyar ƙwadago ta zauna da shi a tattauna albashi, yana rage wa kansa asarar horar da sababbin hannu duk shekara, domin ƙwararrun da ya horar ba sa saurin barinsa.