Karayar Muƙamuƙi da Mutuwar Leɓen Ƙasa

Muƙamuƙin ƙasa yana daga cikin ƙasusuwan fuska da suka fi yawan karyewa, musamman a haɗarin babur ko na mota, ko wajen dambe da faɗa. Idan aka yi ɗori, cikin mako 4 zuwa 6 galibi ƙashi ya kama. Amma sau da yawa majinyaci yakan koma wurin likita da wani kukan dabam, watau leɓensa na ƙasa da haɓarsa sun mutu, ko an taɓa ba ya ji. Dalili kuwa shi ne, warkewar jijiya ta fi ta ƙashi jinkiri nesa ba kusa ba.

A cikin ƙashin muƙamuƙi akwai wata siririyar kafa a kowane gefe, wadda jijiya ke bi. Wannan jijiya ba ta jini ba ce, irin mai kai saƙo ga ƙwaƙwalwa ce, reshe ce ta jijiya ta 5 daga cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙoƙon kai. Tana shiga ƙashin ta ciki daga baya, ta ratsa ƙarƙashin saiwoyin haƙoran tauna, sa'an nan ta ɓullo ta wani ɗan rami kusa da haɓa, ta bazu cikin leɓe da fata. Saboda haka duk karayar da ta ratsa wannan kafa tana iya matse jijiyar, ko ta ja ta, ko ta tsinke ta. Gwargwadon gocewar ƙashin, gwargwadon ɓarnar.

A shekarar 1943 wani likita na Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya kashi uku. Ana iya kwatanta jijiya da wayar lantarki, zare a ciki, riga a waje. Kashi na farko shi ne inda aka matse ta kawai, ba abin da ya tsinke. Ji yakan dawo cikin kwanaki ko makonni. Na biyu, zaren ciki ya tsinke amma rigar tana nan. A nan ɓangaren da ya rabu da tushe yakan rube, kamar yadda Augustus Waller ya bayyana tun 1850, sa'an nan sabon zare ya tsiro ya bi rigar, yana ci gaba da kimanin milimita 1 a kowace rana, watau santimita 3 a wata guda. Na uku, jijiyar ta rabu biyu ɗungurungum, kuma da wuya ta koma daidai sai an ɗinke ta.

Matsalar ita ce, a ranar farko dukansu uku kamanninsu ɗaya ne, lokaci ne ke rarrabe su. Don haka wajibi ne a gwada leɓen tun kafin a yi aiki, a rubuta abin da aka gani, domin dunƙule haƙora da waya ko ɗaura ƙarfe da kusoshi shi ma yana iya taɓa jijiyar. Gwajin ba shi da tsada: a shafa auduga, a ɗan tsikara da allura, a ɗora tsini biyu a ga ko majinyaci zai rarrabe su ido a rufe. Alamar farfaɗowa ita ce jin kamar kiyashi na yawo a leɓe, daga baya wurin da ya mutu ya riƙa tsukewa. Wasu kuwa maimakon haka sai su sami zugi ko raɗaɗi, wannan ma abin kai wa likita ne.

Kafin ji ya dawo, sai majinyaci ya kiyaye. Leɓen da ba ya ji, koko ko shayi mai zafi yakan ƙona shi, mai shi kuma yakan cije shi bai sani ba. In an kai wata 3 babu wani canji ko kaɗan, likitoci sukan duba yiwuwar buɗe wurin a ɗinke jijiyar, ko a yi mata ƙari da wata daga ƙafa, domin jinkiri mai tsawo yana rage nasarar aikin. Saboda haka wanda aka kwance wa waya, ƙashinsa ya kama, amma leɓensa bai farfaɗo ba, bai kamata ya ɗauka an sallame shi daga asibiti ba tukuna.