Mutum ɗari a kan bitamin ɗaya

Duk wanda ya shiga ajin kimiyya a babbar sakandare ya san wannan sashe na kemistiri da ke magana a kan sinadaran kabon, inda ake ta zana sarƙoƙi da zobba a allo. Mu ma mun haddace su don jarrabawa. Sai da muka zo jami'a muka fara jin labarin mutanen da ke gina irin waɗannan zobban da hannunsu a ɗakin gwaje-gwaje, kuma sunan da aka fi ambata mana shi ne Robert Woodward.

Ba'amurke ne, an haife shi a Boston a 1917, kuma yana ɗan shekara 20 ya kammala digirinsa na uku. A 1944 shi da abokin aikinsa William Doering suka sanar da hanyar haɗa kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ɓawon itace. A 1960 ya haɗa sinadarin da ke sa ganye ya zama kore. A 1965 aka ba shi kyautar Nobel.

Aikin da ya fi ba shi wahala shi ne bitamin B12, wanda rashinsa ke jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Ƙwayarsa guda tana ɗauke da ƙwayoyin zarra 181, da ƙarfen kobal guda ɗaya a tsakiya. Wata 'yar Ingila, Dorothy Hodgkin, ita ta gano yadda suke jere a shekarun 1950 ta hanyar haska su da hasken hoton ƙashi. To amma gano siffar abu daban, gina shi daban.

Woodward ya fara aikin a Jami'ar Harvard, Albert Eschenmoser kuma ya fara nasa a Zurich ta ƙasar Suwizalan, kowa da tawagarsa. A 1965 suka ga gara su haɗa kai maimakon tsere. Harvard ta ɗauki rabin ƙwayar, Zurich ta ɗauki ɗaya rabin, aka riƙa aika rahotanni da samfura ta kan teku a zamanin da babu intanet. Ɗalibai da matasan masu bincike kusan ɗari daga ƙasashe 19 suka yi aikin, wasunsu sun zo sun yi shekara biyu a kan mataki ɗaya sun tafi ba su ga ƙarshensa ba. Sai a 1972 aka sanar da nasara.

Ga abin da ya ba mu mamaki: har yau babu kamfanin da ke yin B12 ta wannan hanya. Ta yi tsawo, ta yi tsada. Wanda ake sayarwa a kantin magani ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi a manyan tankuna.

Kenan asarar shekaru aka yi? A ganinmu, a'a. Ana cikin aikin, wani zobe da aka ɗora a kan zafi ya rufe, amma sassansa suka fuskanci ɓangaren da ba a yi tsammani ba. Woodward bai share abin a matsayin kuskure ba. Ya nemi wani matashi a Harvard mai suna Roald Hoffmann, wanda bai kai shekara talatin ba, gwanin lissafin yadda ƙwayoyin lantarki ke zagaye cikin sinadarai. Su biyun suka fitar da ƙa'idoji a 1965 waɗanda ke faɗa wa mai bincike, tun kafin ya taɓa kwalba, ko irin wannan zobe zai rufe da zafi ko da haske, da kuma ta wace fuska. Ƙa'idojin Woodward da Hoffmann ke nan, kuma duk cikinku wanda ya karanta kemistiri a jami'a zai gamu da su.

Hoffmann ya karɓi Nobel a kan wannan aiki a 1981 tare da Kenichi Fukui na Japan. Woodward ya rasu a 1979, kuma ba a ba mamaci wannan kyauta.